Babur Ya Daina Gane Mai Shi

Tun da aka kafa dokar hana satar babura, sandar tayar baya ke auna nauyin mai babur. In nauyin ya sauya, taya ba ta juyawa.

Isuhu ɗan acaɓa ya turo nasa har rumfar Barau mai feren ƙarfe.

"Baba, yau ma bai gane ni ba."

Barau ya zare sandar, ya yi tsaki. "Sau uku ina fere ta saboda ramarka. In na ƙara, karyewa za ta yi. Ka riƙa cin abinci mana."

"Ai sai ya tashi nake ci, Baba."

Barau ya kunna injin feren. A waje mutum shida na jira da baburansu, kowa riƙe da ƙugun wandonsa kada ya zame.