Sabon Fim ɗin Mai Adda

Muttaka ya zo zance Ƙanƙara da zumuɗi, ya miƙa wa Najiba wayarsa.

"An sake yin tsohon fim ɗin mai addar nan. Yanzu jinin kamar gaske, sai kin ji daɗin!"

Najiba ta kalli matar da ke ɓuya a fim ɗin, ta ɗago da jajayen idanu.

"Daɗi? Haka na ɓuya cikin rumbu ranar da 'yan bindiga suka kashe Yaya Barau a Sabuwa. Kuma ka sani."

"Wasa ne fa..."

Ta dangwarar da wayar kan tabarma.

"Ka ce wa magabatanka su yi zamansu. Ba ni auren mai dariyar abin da ke hana ni barci."