Ja Ko Koriya

Tunda ka ce ruwan ido ya hana ka sakat, zauna in ba ka misali da wasu aminai biyu a Jos.

Ɗayansu mai haɗa magunguna ne a asibiti, ya yi ritaya da sauran ƙarfinsa. Tun yana saurayi akwai abin da ransa ke so, bai taɓa gaya wa kowa ba sai matarsa: motar tsere irin ta da, mai kujera biyu, wadda ake naɗe rufinta iska ta yi ta bugun mutum. Ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya, ya sauke farali, amma duk sa'ad da ya ji gurnanin irin wannan inji a titi sai ya waiwaya. Ana nan sai ya ji iyalan wani likita da ya rasu za su sayar da motoci biyu da marigayin ya bari a gareji. A lokacin kuwa tsofaffin motocin tsere sun shiga daraja, masu tara su suna zuwa daga Legas da Abuja suna wawashewa, abin da aka sayar bara, bana sai ka ji ya ninka. Ya san in ya yi sanya wannan karon, farashi zai wuce inda hannunsa ke kaiwa, ba kuma zai dawo ba. Sai ya ɗauki amininsa, wani ɗan kasuwar dankali wanda kallo ɗaya yake yi wa kaya ya san ribarsu, suka tafi gani.

Aka yaye tamfol. Ta farko ja ce jawur, ƙirar Italiya, fentinta kamar yau aka fito da ita, domin likitan da ƙyar yake fita da ita. Dillalin da iyalan suka wakilta ya ce irinta kaɗan aka ƙera a duniya. Ta biyu koriya ce, ƙirar Ingila, ta sha hanya har ta gode Allah: ƙofarta ta ɗan lotsa, sitiyarin katako ya yi sulɓi don riƙo. Guzurinsa kuwa ɗaya kawai zai iya saye. Aminin ya ja shi gefe ya ce ai babu abin tunani, ja zai ɗauka, nan da 'yan shekaru ta zama dukiya. Sharaɗin kawai kada ta taka kwalta, saboda kowace fita rage mata daraja take yi, in kuma wani abu ya karye sai an aiko daga Turai. Mutumin ya yi kwanaki yana juya maganar, ya san amininsa bai faɗi ƙarya ba, abinci ma ya daina yi masa daɗi. Matarsa ta gaji da ganinsa yana zane a ƙasa da tsinke, ta ce, "Alhaji, wai mota kake so ko ajiya?"

Ya koma garejin ya roƙi a tayar masa da su. Aka tayar da jar, ta yi ƙara mai daɗi, dillali ya yi maza ya kashe kada ta wahala. Koriyar sai da ta yi tari sau biyu, ta fesa hayaƙi, sannan ta kama gurnani har kwanon garejin na rawa. Ya shiga ya zagaya layin da ita. Kafin ya dawo iska ta tafi da hularsa, yana dariya shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. Nan take ya ce a sallama masa. Aminin ya girgiza kai ya ce tunda ka ƙi arziki ni ba zan ƙi ba, ya sayi jar da kansa.

Ɗan kasuwar ya gina mata ɗaki na musamman, ya lulluɓe ta, ko jikokinsa ba sa taɓa ta. Kowace safiya zai leƙa ya goge ta, ya buga waya ya ji inda farashi ya kai, ya fito yana murmushi. Shi kuwa mai koriya, duk Asabar sai ya ɗauki matarsa, ta ɗaure mayafi tamau, su kama hanyar Pankshin tsakanin duwatsu, su tsaya su sayi gasasshiyar masara. Motar ta sha mace musu a hanya, samarin ƙauye su tura ana ta raha, har ya yi abokai a garuruwan da da ko sunansu bai sani ba. Angwayen unguwa ma ba su bar shi ba, kowa so yake a ɗauke shi hoto a cikinta. Matar da ta shekara tana kukan zaman gida ya ishe ta, ita ce yanzu ke tuna masa a duba mai tun ranar Juma'a.

Bayan wasu shekaru wani baƙo ya zo ya sayi jar da tsada mai yawa, ɗan kasuwar ya gina babban rumbun ajiye dankali da kuɗin. Ya zo yi wa amininsa albishir, ya tarar da shi ya naɗe hannun riga yana wanke jan taɓo daga tayoyi. Ya ce, "Mutumina, da ka ji shawarata, da yau kai ne mai rumbun." Shi kuma ya matse tsumma ya ce, "Da kai ma ka ji tawa, da ka san inda ake gasa masarar da ta fi kowace daɗi a Filato." Suka tafa suna dariya, aka kawo shayi. Kowannensu ya tashi yana tausayin ɗan'uwansa, yana gode wa Allah da nasa rabo, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Saboda haka kafin ka tambayi kasuwa, tambayi ranka abin da za ka yi da kayan in sun zama naka. Hausawa sun riga sun gama magana: kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.