Injin da Ke Cewa To

Shekara uku da kafa dokar ladabin sauti, Malam Zakariyya ya kai kaset ɗinsa na ƙarshe ofishin tacewa. Aikin injin ofishin guda ne: duk inda aka ce "a'a" a cikin waƙa, sai ya mayar da ita "to".

Kaset ɗin na wasu matasan Kaduna ne masu kiɗan tawaye na pank, waƙa goma da jita mai tsawa, duk labarin wata mai kayan miya da ta ƙi barin rumfarta ranar rusau. A waƙar ƙarshe, marigayiya matarsa Uwani ta taɓa danna maɓallin ɗauka bisa kuskure, muryarta ta hau kan kaset ɗin tana amshi: a'a, a'a. Ba shi da muryarta a ko'ina sai nan.

"Baba, wanda ba a tace ba ƙonawa ake yi," in ji ma'aikaciyar.

"Shekara talatin muna tare, 'yata, ban taɓa iya sa ta ta ce to ba."

"Minti biyu ne. A saka?"

Ya dubi kaset ɗin, ya dubi garwar da ake ƙonawa a ciki.

"To," ya ce.