Fihirisar da Aka Naɗe Ƙosai da Ita

Kai da ka zo mini rai a ɓace wai aikinka ya salwanta a kwamfuta, zauna ka ji. An yi wata mata mai kula da laburaren wata jami'a. A hannunta akwai wani ƙaton littafi, fihirisar duk binciken da malamai da ɗalibai suka rubuta a wurin: wane ne ya rubuta, a kan me, kundin yana kan wace kanta. In babu littafin nan, dubban kundayen tarin takarda ne kawai, ba mai iya gano ko ɗaya. Ta yi shekaru tana shigar da shi kwamfuta. Tana gamawa sai shugabanta, mutum mai son a ce ya waye, ya sa aka kwashe littafin da sauran kwafe-kwafensa kaf aka sayar wa 'yan kasuwa, wai zamanin takarda ya wuce. Ba a jima ba wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar ƙurmus. Masu gyara suka buɗe, suka girgiza kai. Shugaba ya ce a haƙura, ƙaddara ce.

Abin ya ƙona mata rai ƙwarai. Ta ce, "Ranka ya daɗe, takardun nan ba sama suka tashi ba, kasuwa suka shiga." Ta yafa mayafinta ta bi sawu. Wajen mai ƙosai ta tarar da shafukan tarihi, mai tsire yana naɗe nama da na aikin gona, mai gyaɗa kuwa tana ƙunshi da sunayen malaman da suka daɗe da rasuwa. Ta riƙa ba su tsofaffin jaridu tana karɓe shafukan. Abokan aiki suna dariya, suna kiranta Hajiya mai bin bola, ita ko a jikinta. Da yake kwafe-kwafen da yawa ne, shafin da mai ya ɓata a nan sai ta same shi lafiya lau a can. Ta shanya, ta jera, ta sake bugawa tun daga farko, ta adana a wurare daban-daban, sannan ta ɗinke shafukan suka koma littafi, yana ta ƙanshin yaji. Da shugaba ya ga aiki ya dawo kwamfuta, sai ya ce to yanzu a jefar da wannan ƙazantar. Ta dafa littafin da hannu biyu ta ce, "Sai dai a jefar da mu tare." Har yau yana nan a durowarta.

Kai ma tashi ka bi sawun naka, kuma kada ka raina abin da ya tsufa. Hausawa sun ce, da tsohuwar zuma ake magani.