Shugaban Ƙasa na Gindin Dalbejiya

Tun da aka rufe masaƙar da ya yi wa aiki a Bompai, Malam Uba bai fasa zuwa bakin ƙofarta ba. Kullum da hantsi zai sa hula ya fita kamar mai shiga aiki. A can gindin wata dalbejiya, tsofaffin abokan aikinsa suna jiran sa a kan benci.

Ƙofar ta yi tsatsa, cikin ya zama wurin ajiye kayan da ake shigowa da su daga waje. Su dai ba wannan suke gani ba. Suna ganin zamanin da jiniya ke kaɗawa kekuna su cika titi har mota ta rasa hanya, mutum ya fito da auduga a gemu, masu abinci suna kiran sunansa. Zamanin da 'yan Kantin Kwari ke bin layi don atamfar da ta fito daga hannunsu.

Hirarsu guda ce: da a ce. Da a ce ba a soke zaɓen nan ba. Da a ce shugaban nan bai rasu a kan mulki ba. Da a ce wane ne ya gaji wane. Uba ya fi kowa iya ta. Zai ɗauki zaɓe guda ya juya sakamakonsa, ya naɗa ministoci, ya gyara wutar lantarki, ya tsare iyaka, har sai injina sun sake tashi a Sharada da Challawa. Shi ya sa suke ce masa Shugaban Ƙasa.

Majalisar tana da dokarta. In an zauna, kowa zai jefa wayarsa cikin hular Haruna, tsohon direban masaƙar. Wanda ya taɓa waya ana cikin magana, an tsige shi, sai gobe.

Gida kuwa matarsa Aina'u ce ke riƙe da shi. Shinkafa da wake take sayar wa ma'aikatan wani kamfanin roba. Wata safiya ba ta ɗora tukunya ba.

"Malam, kan nan nawa ya ƙi sauka," in ji ta. "Yau har idona yana yi min hazo. Mai kemis ya ce jinina ya hau, in je asibiti."

"Kin gani ko? Da masaƙa na nan, asibitin ma'aikata za mu je a duba ki kyauta. Duk zaɓen nan ne ya ja mana."

"Ni ba zaɓe ne ke sara min kai ba. Ka raka ni."

"To, ki shirya. In leƙa majalisa in dawo."

Ya leƙa. Tun bai zauna ba, Habibu, wanda suka yi aikin rini tare, ya tare shi.

"Mai girma, jiya ka bar mu ana shirin miƙa mulki. Wa zai gaje ka, ɗan Arewa ko ɗan Kudu?"

"Ba dai kai ba, Habibu. Kai ko kansila ba za ka ci ba, ko da 'yan gidanku ne kaɗai masu zaɓe."

Aka bushe da dariya. Uba ya jefa waya a hula, ya gyara zama. Ya fara da taron jam'iyya, ya wuce ranar zaɓe, yana shirin rantsarwa sai hular ta fara ƙara. Haruna ya leƙa.

"Ranka ya daɗe, daga fada ne. Uwargida ce."

"Uwargida ta yi haƙuri, ƙasa muke gyarawa."

Wayar ta yi ta ƙara, sannan ta yi shiru. Suka yi azahar, suka dawo, sabuwar gwamnati ta kama aiki.

Ana cikin rabon muƙamai adaidaita sahu ta tsaya a gabansu. 'Yarsa Zulaihat, wadda ke aure a Hotoro, ta fito. Ba ta gaida kowa ba.

"Baba, ku taso. Umma ta faɗi."

"Ta faɗi a ina?"

"A tsakar gida. Maƙwabciya ce ta same ta, da hijabi a jikinta, takalmi a ƙafa, waya a hannu. Ku take jira."

Likita bai yi dogon bayani ba. Jinin ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma an makara. Aina'u ta rayu, amma ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. In Uba ya shigo ɗaki sai ta bi shi da ido kawai.

Yanzu shi ke ba ta kunu a cokali, shi ke juya ta a kan katifa. Wurin da take ajiye tukunya a bakin kamfani, wata ta kama. Abincin gidan daga wurin Zulaihat yake zuwa.

Wata rana zai je sayen magani ya bi ta gaban dalbejiyar. Habibu ne a tsakiyar benci, ana ce masa mai girma. Suka tambaye shi mai jiki, ya amsa, suka koma kan zaɓensu.

Mai karatu, tuna zamanin da ya wuce ba laifi ba ne, kuma kowa na da zaɓen da yake ganin an cuce shi. Amma wanda aka riga aka rantsar, an rantsar. Mara lafiyan da ke gidanka yau yake buƙatarka, in ya kira ka ka ɗaga.