Aya ta Shida

Keziya, tun da kika zauna kike ba ni labarin yadda karatun yaranki yake tafiya a gida, na kuwa ji daɗi. Amma da na tambaye ki babbar 'yarki, kin ce tana riƙe miki jariri, sai an kwana biyu za ki sa ta a karatun. To, gyara zama in ba ki wani misali.

An yi wata mata mai 'ya'ya takwas a wani ƙauye da makarantarsa ke hayin rafi, in damina ta sauka ba mai ƙetarawa. Da yake ta taɓa boko, sai ta sa mijinta ya kafa mata allo a gindin mangwaro, ta shimfiɗa tabarma, kullum bayan addu'ar safe ta tara yaran ta koya musu. Gaskiya ta iya koyarwa. Ɗan shekara shida a gidan nan sai ya buɗe Maganar Allah ya yi ta karantawa ba gargada. A zumuntar matan coci da ita ake ba da misali, in an yabe ta kuwa sai ta sunkuyar da kai ta ce aikin Ubangiji ne, alhali a ciki kanta fashewa yake yi. Sai dai karatu ba ya yiwuwa tukunya na kan wuta jariri na tsala kuka. Dole wani ya riƙe gidan kafin a tashi, kuma a kan 'yar farin abin ya faɗa. Tun tana shekara bakwai majanyi bai bar ƙirjinta ba, a yaye wannan a ɗora mata wancan. Daga bakin murhu, da muciya a hannu, take jiyo abin da ake biyawa, har ta fi masu zaman tabarmar haddar ayoyi, amma ko sunanta aka rubuta ba za ta gane shi ba. In ta ce, "Mama, ni yaushe?" sai uwar ta ce bari a gama cirar gyaɗa. An gama, bari a yaye ƙaramin. An yaye, sai ga wani cikin.

Ana nan yarinya ta kai sha huɗu, ta shiga ajin baftisma. Fasto ya sanar cewa bayan wata uku kowane ɗan aji zai tsaya gaban ikilisiya ya karanta aya biyar. Uwar ta ce wata uku ai da sauran lokaci. Sai ƙyanda ta shiga gidan ta bi yara uku, ga girbi, ga baƙi, ba ta farga ba sai da ya rage kwana shida. Maimakon ta je ta faɗa wa fasto gaskiya, sai ta zaɓi rufa wa kanta asiri. Ta ja yarinyar bayan ɗaki ta yi ta biya mata ayoyin har suka zauna, ta koya mata bin layi da yatsa da inda za ta ɗan dakata kamar mai duba kalma, ta sa mata tsinken tsintsiya a shafin. Ki ji fa, matar da ke koya wa yara kada su yi ƙarya, ita ce da hannunta ta shirya wa 'yarta ƙaryar da za ta yi a ɗakin Allah.

Ranar Lahadin coci ta cika maƙil, uwar ta sha ankon zumunta ta zauna a gaba. Yarinya ta fito ta kawo aya biyar tsaf. Fasto, don daɗin da ya ji, ba da wata manufa ba, ya ce, "Madalla, 'yar malama ke nan! Ƙara mana aya ta shida." Yatsan ya tsaya cak. Ta dubi shafin, ta dubi uwarta. Daga kan benci ƙanwarta 'yar shekara bakwai, wadda ita ta goya ta, ta fara karanto ayar daga nata littafin don ta taimake ta. Sai yarinyar ta rufe littafin ta ce a hankali, "Baba Fasto, iya nan Mama ta biya mini. Ni ban iya karatu ba."

Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi sauƙi. Uwar ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma kunyar idon mata ƙarama ce a kan wadda ta same ta a gida. Suna isa, yarinyar ta cire kayan coci, ta karɓi jaririn ta goya kamar kullum, ta nufi murhu don ƙannenta su samu su yi bita. Shekara talatin ke nan, Keziya, har yau in na tuna yadda ta miƙo mini hannu ta karɓi yaron nan, ba na iya ɗaga kai.

E, na koya mata daga baya, ta zauna a tabarma ɗaya da 'yan shekara shida, ƙatuwar budurwa. Ta iya karatun, amma ba ta sake yarda ta tsaya gaban jama'a ba. Don haka gobe da safe ki karɓi jaririnki ki goya da kanki, ko tuwo zai ƙone ya ƙone, ki zaunar da yarinyar nan gaban allo. Hausawa suka ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.