Tukunyar da Ta Ƙi Wuce Zaure

Kai da kake cewa ka ɗauki mace aiki, don haka ka sauke nauyi, gyara zama ka ji wannan.

Wani babban injiniya ne ya sami kwangilar ƙera manyan tukwanen ƙarfe na turara shinkafa, guda arba'in, domin matan wani gari da ke wannan sana'a a cikin gidajensu. Yana da injiniyoyi maza biyar, sai mace ɗaya da ya ɗauka don masu ba da kwangila sun ce sai an ga mace a jerin sunaye. Ya ba ta kujera kusa da taga, ya ce ta huta, rana ba ta mata ba ce. Wai girmamawa ke nan. Ita kuwa ba hutu ta je ta karanto shekara biyar ba. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa wajen masu walda, ta dawo, ta buɗe zane ta rufe, tana kaɗa ƙafa kamar mai jiran mota ta cika a tasha. Wata uku aka ba ta na gwaji, biyu sun tafi ko ƙusa ba ta taɓa ba, kuma ta san abin da za a rubuta in na ukun ya cika: ba ta tsinana komai ba, a sallame ta. Ranar da mazan za su garin yin awo ta roƙa a tafi da ita, ya ce, "Haba 'yata, laka ce da zafi, me za ki yi a can?" Suka tafi su kaɗai. Aka yi musu shimfiɗa a zaure, suka tambayi masu gida buhu nawa matansu ke turarawa a yini, suka auna faɗin ƙofar waje, suka dawo suna murna. Babu wanda ya wuce zaure, tunda baƙo namiji nan ne iyakarsa. Da ta ga zanensu ta ce, "Yallaɓai, daga zaure zuwa tsakar gida hanyar kwana ce, a lanƙwashe take, da gangan ake yin ta don kada na waje ya hango ciki. A bar ni in je in auna." Ya ce lissafi ya riga ya fita. Aka yi wa tukwanen walda, kowace da murhunta da bututun hayaƙinta a manne, kamar tare aka haife su.

Ranar kai kaya, mai gidan farko ya yarda ƙarti su shiga sau ɗaya, matan suka shige ɗaki. Tukunya ta wuce ƙofar waje lafiya, ta isa kwana, ta cije. A juya ta nan, bututu ya daki bango. A kwantar da ita, murhu ya tokare. Ƙasar katanga ta fara zuba, mai gida ya ce katangar ubansa ce, ba wanda ya isa ya fasa ta. Wata tsohuwa ta ɗago murya daga ciki, "Ku gaya wa mai ilimin nan, mu ba a titi muke girki ba." Gida na biyu haka, na uku haka. Sai ga babban injiniya ya tura mota a ɗauko wadda ya bari a bakin taga. Ta zo, ta dubi tukunya, ta dube shi, ta san ciniki ya zo hannunta, kuma wanda ya matsu shi ke ƙara tayi. Ta ce za ta shiga, amma sunanta zai hau kan zanen, kuma wasu 'yan mata biyu da suka koyi walda, waɗanda ya kora daga ƙofar ofis ba tare da ya duba takardunsu ba, a kira su, don gida arba'in ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma ba maigidan da zai riƙa buɗe wa maza gidansa kullum. Ya ce ɗaya zai kira. Ta juya ta nufi mota. Ya ce biyu.

Da ta shiga ta ga har tsayin ma an yi wa matan yawa, sai sun taka turmi kafin hannu ya kai bakin tukunya. Ta sa aka yanka kowace tukunya kashi uku, aka rage tsayi, aka huda wurin noti. Su ukun suka riƙa shiga da gutsattsarin, suna ɗaurewa da sifana, suna koya wa matan kwancewa da wankewa. Wata na uku ya cika, ba wanda ya tuna da maganar sallama. Shi kuwa yana tsaye a waje, hannu a baya, yana kallon hayaƙi na tashi ta saman katanga, yau wannan gida, gobe wancan. Iyakar abin da ya taɓa gani na aikinsa ke nan.

Shi ya sa Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.